Yadda Ake Zaɓen Keken Yawo da Hawansa Lafiya a Titunan Zariya

Wannan bayani na wanda yake son keke ne don zirga-zirgar yau da kullum: zuwa makaranta ko wurin aiki, leƙa kasuwa, ko motsa jini bayan la'asar. Na daɗe ina hawa, ina kuma raka mutane saye. Abin da ya fi sa sabon keke ya koma jingine a zaure yana shan ƙura shi ne an saye shi don kyan fenti, ba a duba jikin mai shi da hanyar da zai riƙa bi ba. Zariya ta yi wa keke daɗi, don mafi yawanta shimfiɗe take. Sai dai manyan hanyoyi sun ratsa ta, ta Kaduna zuwa Kano da ta Sakkwato wadda ta bi ta Samaru, saboda haka dole mai keke ya iya zama da tirela da tanka.

Kayan da za ka tanada

Ranar saye, ka tafi da wanda ya san keke. Mai gyaran keken unguwarku ya fi kowa, don shi zai riƙa taɓa shi nan gaba. Ka riƙe tsumma, takarda da biro, da wayar da ke da tocila, ka kuma sa irin wando da takalmin da za ka riƙa hawa da su.

Bayan saye za ka buƙaci famfo, sifana lamba 15 ta ƙafafu da feda, da lamba 10 ta birki, alanki lamba 4 da 5 da 6, sukundireba, faci da sholisho, tib ɗaya na ajiya, ɗan mai, kwaɗo da sarƙa mai kauri, ƙararrawa, farar fitila ta gaba, ja ta baya, da hular kwano. Idan ba ka samu ƙarfen cire taya ba, mariƙin tsohon cokali yana yi. Kada ka sa sukundireba, yana huda tib. Saboda waɗannan kayan, kada ka zuba kuɗinka kaf a kan keken. Ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke hannunka.

1. Fara da hanyarka

Kafin ka je kasuwa, zauna ka lissafa inda za ka riƙa bi. Mai zama Gyallesu yana aiki a Kongo, tafiyarsa gajeriya ce, kwalta ta fi yawa. Mai tasowa daga Hanwa ko Palladan zuwa Samaru yana da doguwar tafiya a gefen babban titi. Wanda gidansa ke can cikin sabuwar unguwa kuwa, inda kwalta ba ta kai ba, yashi da taɓo ne abincinsa.

Kekunan da za ka tarar iri huɗu ne. Akwai baƙin keken iyayenmu, irin su Raleigh ta Ingila, Phoenix ta Sin da Hero ta Indiya, mai taya inci 28, da birkin sanda da kariya mai ƙarfi. Yana da nauyi, ba shi da giya, amma ba mai gyaran da bai san shi ba, kuma kayansa ba sa wahalar samu. Akwai mai manyan tayoyi masu gurzau, inci 26, da giya mai yawa. Shi ya fi jure burji da ramuka. Akwai na gwanjo masu kwando a gaba, waɗanda ba su da sandar tsakiya, zamansu a miƙe, sarƙarsu a rufe. Ga mace mai zani ko doguwar riga, da dattijo mai jallabiya, ban ga kamarsu ba. Na huɗu shi ne na tsere mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai. Wannan ka bar shi. Ƙaramin rami yana lanƙwasa masa wili, kuma zaman da ake yi masa a duƙe yana hana sabon mahayi ganin hanya.

A ganina, ga yawon cikin Zariya keke marar giya ko mai giya 6 zuwa 7 ya wadatar. Wanda kuma nake hana mutane saye shi ne mai araha da aka ƙawata da sifirin gaba da baya. Ido yana sonsa, amma nauyi gare shi, sifirin yana cinye ƙarfin takunka, in ya lalace kuma ba a cika samun gyaransa ba. Araha ba ta ado.

2. Auna shi da jikinka

Tsallaka keken ka tsaya a tsakiya, ƙafafunka biyu a ƙasa. Ya kamata a samu tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakaninka da sandar tsakiya. In sandar tana taɓa ka, ya yi maka girma, ko da mai sayarwa ya rantse za ka saba. Sannan zauna a sirdi ka kama kan keken. Gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe, yatsunka su kai birki ba tare da ka saki riƙo ba. In sai ka miƙe gaba ɗaya kafin ka kama, kafaɗa da wuya za su dame ka kafin ka kai shataletalen PZ.

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne saya wa yaro babban keke wai zai girma ya tarar da shi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba ya iya tsayawa lokacin da ya kamata. A ƙiyasi, taya inci 16 ta dace da ɗan shekara 4 zuwa 6, inci 20 da ɗan 6 zuwa 9, inci 24 da ɗan 9 zuwa 12, amma tsawon yaron shi ne alƙali.

3. Duba shi ciki da bai

Sabo dal yana da kwanciyar hankali, amma sau da yawa na hannu mai kyau ya fi sabo mai araha ƙarko. Ko wanne ne, ka bi shi da wannan dubawar, kuma da rana, a waje, ba cikin duhun shago ba.

Fara da bodi. Goge wuraren walda da tsumma, ka haska tocila, musamman wuyan keke da wurin da feda ke juyawa. Tsaga ko ƙanƙanuwa ce, ka haƙura. Sabon fenti a wuri ɗaya tak alama ce ta an ɓoye walda ko tsatsa. Ka koma gefe ka kalli ƙarafa biyun da ke riƙe da ƙafar gaba: in sun karkata baya, keken ya taɓa yin karo.

Ɗaga ƙafar gaba ka juya ta, idonka a kan tazarar da ke tsakanin wili da robar birki. In tazarar tana buɗewa tana rufewa kaɗan, mai gyara zai daidaita da ɗaurin wayoyi. In wilin yana rawa sosai ko yana tsalle, sai an sauya. Matsa wayoyin bibbiyu da hannu ka ji ko akwai sakakku ko tsinkakku. Girgiza ƙafar hagu da dama. In tana kaɗawa, boris ya ci ko ɗaurin ya saki. Haka za ka yi wa ƙafar baya da hannun feda. Riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, nan ma akwai aiki.

Sarƙa kuwa, kama ta a gaban babban faifan haƙora ka ja ta waje. In ta ɗago har kana hango rabin haƙori, ta miƙe. Haƙoran da suka yi tsini su ma sun gama aiki, kuma sabuwar sarƙa ba ta zama a kan tsofaffin haƙora, sai ta riƙa tsallakewa. Kwance sirdi ka ga sandarsa tana hawa tana sauka; wadda tsatsa ta kama ta da bodi tana iya hana ka jin daɗin keken har abada.

Ga abin da mutane ba su cika lura da shi ba: lambar taya. Inci 28 iri biyu ne, inci 26 ma haka. A jikin tayar akwai wata lamba mai kashi biyu, kamar 40-635. Ta baƙin keke ita ce 635, ta yawancin kekunan Turai masu inci 28 kuwa 622 ce, kuma ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. Mai manyan tayoyi 559 ne, yayin da wasu masu kwando suke 590. Rubuta lambar, ka tambayi masu kayan keke a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada ko suna da ita kafin ka biya. Haka bakin tib: akwai mai kauri irin na mota, wanda kowane mai faci zai iya ba shi iska, akwai siriri mai ɗan noti a kai, akwai na baƙin keke. Ka tabbata famfonka ya dace da wanda ka samu. Birkin faifai da giyar da ke ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya suna da kyau, amma tambayi mai gyaranka ko yana taɓa su. In ya yi jim, ka koma kan birkin roba.

4. Hau ka gwada, sannan ciniki

Kada ka biya kuɗin keken da ba ka hau ba. In mai kaya yana tsoro, bar masa abokin tafiyarka. Kafin ka taka, gano wane hannu ne ke kama birkin gaba, domin kekunan gwanjo ba tsarinsu ɗaya ba: na Ingila da Japan yawanci dama ne gaba, na Amurka da yawancin Turai hagu ne. Wasu ma ba su da birkin baya a hannu, sai ka mayar da feda baya. Zagaya ka shiga kowace giya, ka saurari ƙara, ka sassauta riƙo ka ji ko yana ja gefe guda.

Duk aibin da ka gano, ka faɗe shi a fili cikin ladabi: "Alhaji, tayar baya ta tsattsage, sarƙa ma sai an sauya, a duba mini." Wannan ya fi taya banza ƙarfi. In akwai dillali, a yanke maganar la'ada tun farko.

Idan an sallama, kifa keken ka kwafi lambar bodi, wadda galibi take ƙarƙashin inda feda ke juyawa. A sa ta a rasit tare da suna da kwanan wata, in na hannu ne kuma a yi a gaban shaidu. Keken da aka goge lambarsa, ko wanda baƙo ya tare ka da shi a hanya da araha mai yawa, kada ka kusance shi. Ranar da mai shi ya gan ka a kai, kai za a riƙe.

5. Daidaita shi kafin fita ta farko

Zauna a sirdi, ka dafa bango, ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, wanda da shi ake takawa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, daidai ke nan. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa. In kana koyo, sauke shi har ƙafafunka su taɓa ƙasa, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. A jikin sandar sirdi akwai zane. Kada ka fito da ita ta wuce shi.

Birki ya kama tun hannun bai kai rabi ba, robar ta sauka a kan wili, ba a kan taya ba. Yawan iskar da taya ke so a rubuce yake a gefenta. In famfonka ba shi da agogo, danna da babban yatsa: ta yi tauri, ta ɗan motsa da ƙyar. Taya mai laushi ita ta fi yin faci, don bakin rami yana matse tib da wili. In za ka kwance feda, ka tuna ta hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran notuna.

6. Koyi tsayawa kafin gudu

Nemi filin makaranta ranar da ba karatu, ko filin idi. Abu huɗu za ka iya kafin ka shiga titi: tashi ba tangaɗi, tsayawa daidai kan layin da ka zana a ƙasa, waiwayawa ta kafaɗar hagu ba tare da keken ya bi ka ba, da tafiya da hannu ɗaya. Birkin gaba shi ke da yawancin ƙarfin tsayarwa, saboda haka kada ka guje shi, amma ka matsa su biyun tare, a hankali, ka tura jikinka baya. Fizgar na gaba shi kaɗai ke wuntsila mutum. Daga fili sai titunan da ba cunkoso, da sassafe.

7. Dokokin titi

Da zarar ka hau kwalta, kai direba ne. Abin da ya hau kan mai mota ya hau kanka: danja, alamun hanya, da umarnin ɗan sanda ko jami'in KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, ko na hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988.

Tun 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙin hannun dama. Nan ne hannunka, kana tafiya inda motoci suka dosa. Na san masu cewa gara su fuskanci mota su gan ta tana zuwa. Wannan shawarar mai tafiya a ƙasa ce, ga mai keke kuwa halaka ce. Direban da zai fito daga layi ya shiga titi hagunsa yake kallo, ba ya tsammanin kowa daga dama. In kuma aka yi gaba-da-gaba, gudunka da nasa ne suke haɗuwa. Ko 'yan acaɓa goma ka ga sun saɓa hannu don su yanke hanya, kai ka zagaya.

Kada ka manne da bakin kwata. Can ne yashi da kwalba da ƙusa suke taruwa, kuma in aka matse ka ba wurin kaucewa. Bar kamar taku ɗaya tsakaninka da bakin titi, ka miƙe a layi ɗaya. Direba yana iya kauce wa wanda ya san inda ya nufa, amma mai shiga yana fita tsakanin motoci ba wanda zai iya lissafa shi. Motar da ke tsaye ka ba ta tazarar ƙofa, don ana buɗewa ba a waiwaya ba. Bas da Keke Napep kuwa, ka ɗauka kowane lokaci za su iya tsayawa ɗaukar fasinja. Kada ka bi su a gindi, kada kuma ka kutsa ta damansu inda fasinja ke sauka.

Kafin ka karya kwana, waiwaya, sannan ka ba da hannu: miƙa na dama in dama za ka, na hagu in hagu. In za ka rage gudu, miƙa hannu tafi na kallon ƙasa ka kaɗa shi sama da ƙasa. Ba da hannu neman hanya ne, sai ka ga an ba ka kafin ka shiga. Kwanar hagu ita ce mai wuya, don sai ka ratsa motocin da ke bayanka da masu tahowa. In titin ya cika, tsaya a dama, sauka, ka tura keken ka tsallaka a ƙasa. Ba abin kunya a ciki, ni ma haka nake yi a babban titi.

Ku jera ɗaya bayan ɗaya in kuna da yawa. Ban da waya a hannu, ban da abin sauraro a kunne, domin da kunne kake sanin abin da ke bayanka. Ban da goyo a kan sanda ko kan keke, ban da rataya leda a hannun birki. Kaya a kariya ko kwando, a ɗaure. Ban da kama jikin mota ta ja ka. Ƙafar wando ta dama ka cusa ta cikin safa ko ka ɗaure da roba, don sarƙa a dama take. Babbar riga da dogon hijabi a tattare su a zauna a kai, kada su sauka kusa da wayoyin ƙafar baya. Hular kwano ta zauna daidai a goshi, igiyarta a ɗaure. Wadda ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi a sauya ta.

8. Wuraren da sai ka ninka hankali

A shataletale ana shiga ta dama ne a zagaya. Wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, kuma ta hagunka zai fito. Kalli fuskar direba, ba motar ba, har ka tabbata ya gan ka. Sabon mahayi ya ɗan jinkirta wa wurare irin su Kwangila, PZ, Ƙofar Doka da Ɗanmagaji a lokacin tashi daga aiki, har hannunsa ya faɗa.

Babbar mota ita ce abin da na fi jin tsoro wa mai keke. Direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da gefensa na dama, kuma in zai karya kwana, kan motar yana buɗewa waje, ƙafafun baya kuma su yanko ciki, daidai inda mai keke ke tsayawa. Kada ka taɓa shiga tsakanin tirela da bakin titi, ko tana tsaye. Tsaya a bayanta inda kake hango madubinta. In tana wuce ka da gudu, riƙe kan keke da hannu biyu, don iskarta tana tura mutum sannan ta jawo shi.

Zariya mahaɗar layin dogo ce, ɗaya ya nufi Kano, ɗaya Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, don haka za ka riƙa tsallaka ƙarfen jirgi. Ka tunkare shi kai tsaye, kada ka bi shi a karkace, ko taya ta faɗa ramin gefensa.

Cikin lungunan birni gudu ba shi da wuri. Yaro yana iya fitowa daga zaure a guje, akuya ma haka. Kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, in ka zo majalisar dattawa ka sassauta ka yi sallama. Doki da shanu kuwa ba a kaɗa musu ƙararrawa a kusa. Ba su fili, musamman kwanakin hawan salla.

Daga magariba kunna fitilu, ka sa tufa mai haske. In fitilarka ta mutu, ɗaura tocila a kan keke da roba. In babu ko ɗaya, sauka ka tura.

9. Kula da shi gwargwadon yanayi

Kullum kafin ka fita, danna tayoyi, matsa birki, ka ɗaga keken kaɗan ka sake shi ka ji ko wani abu na kaɗawa. Da hunturu ƙura ke cin sarƙa: goge ta da tsumma duk mako, ɗiga mai kaɗan, sannan ka share na waje, don mai da yawa shi ke kama ƙasa. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da datti, kada ka sa. Ranar da hazo ya yi kauri, kunna fitila ko da rana ne. Da damina birki yana jinkirin kamawa, musamman a wilin ƙarfe, sai ka fara matsawa tun da wuri, kuma kada ka shiga ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. Da bazara fita da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha, kada kuma ka bar keke cikin rana da taya cike tam. In za ka ajiye shi, sarƙa ta ratsa bodi da ƙafar baya ta kama ƙarfen da ba ya motsi.

Faci kuwa ba makawa, musamman ga mai bin hanyoyin ƙasa inda tsidau ke yaɗuwa. Cire tib, ba shi iska, ka tsoma cikin ruwa ka ga inda kumfa ke fita. In ba ruwa, kusanto shi da leɓe za ka ji iskar. Busar da wurin, kankare shi da sanfefa, shafa sholisho siriri, ka jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi kafin ka manna facin ka danne sosai. Kafin ka mayar, zagaya cikin tayar da yatsa a hankali ka cire ƙayar da ta huda, in ba haka ba za ta sake huda wurin. Ba tib ɗin iska kaɗan ya ɗan tashi, ka shigar da shi, ka mayar da bakin taya da hannu, ka duba zagaye cewa bai matsu tsakanin taya da wili ba, sannan ka cika iska.